Tanadin Abincin Mako Ga Malamin Ƙauye

A kwaleji an koya mana yadda a ke shirya darasin mako guda tun kafin makon ya kama. An nuna mana yadda za mu rubuta manufar darasi, da kayan aiki, da gabatarwa, da tambayoyin da za mu auna yara da su, har ma da inda malami zai tsaya kada ya tare allo. Duk wannan ya yi mini amfani, kuma ina godiya. Amma akwai wani shiri guda wanda ba ya cikin manhaja, wanda kuwa in ba a yi shi ba sauran duka sai su tafi da ƙyar, watau shirin abin da malamin zai ci daga Litinin zuwa Juma'a. A kansa na ke so in yi 'yar magana da ƙannena waɗanda za su fita bana, musamman waɗanda za a tura ƙauye su zauna su kaɗai, ba uwa, ba yaya, ba ɗakin cin abinci da a ke kaɗa wa ƙararrawa.

Shekarata uku ke nan ina koyarwa a wata makarantar firamare, a wani ƙauye tsakanin Lafiya da Doma cikin Jihar Nasarawa. Ƙarfe bakwai da rabi mu ke tara yara a fili, ba mu tashi sai wajen ƙarfe biyu. Ajina ya haura yara saba'in, kuma duk wanda ya yi koyarwar gwaji ya san tsayuwa gaban yara saba'in ba aikin mai jin yunwa ba ne. In ka komo gida ga littattafai tuli suna jiran maki, ga shirin gobe. A wannan lokaci ne a ke so mutum ya nemo itace, ya kai markaɗe, ya tsince wake, ya ɗora tukunya. Wa zai iya? Shi ya sa yawancin samarin malamai su kan koma teburin mai shayi.

Ina da abokin aiki, ba sai na faɗi sunansa ba, wanda ba ya karyawa da safe. In an fita tara ya aika a sayo masa burodi da lemon kwalba, da dare kuma ya tafi a dafa masa Indomie da ƙwai. Yaro ne mai ƙwazo, ya fi ni iya lissafi nesa ba kusa ba. Amma da an shiga darasi na biyar sai ka hango shi zaune ya dafe kai, ya bar wa monita rubuta sunayen masu surutu. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Kafin wata ya kai ashirin albashi ya ƙare, sai a buɗe masa shafi a littafin bashi, ga shi kuwa ɗan mai shayin yana ajinsa. To, ina ƙarfin halin da za ka tsawata wa yaron da ubansa ke bin ka kuɗin ƙwai?

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, shi ne malami ya zaɓi 'yan mata biyu ko uku daga aji shida ya tura su gidansa su yi masa girki, 'yan'uwansu na can suna karatu. Wasu har gani su ke yi haƙƙinsu ne. Iyaye ba su raba yarinya da talla suka kawo ta makaranta don ta tuƙa wa malami tuwo ba. Darasin da ta rasa ba mai mayar mata, kuma maganar da za ta biyo baya a gari, ko da ba a yi kome ba, ta isa ta sa uba ya cire 'yarsa ya hana ƙannenta zuwa. A ƙauyen da a ke lallashin mutane su bar 'ya mace ta gama aji shida wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, asalinta kuwa mutum ne bai yi wa cikinsa tanadi ba.

Ga kuma zancen kuɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi, kome na kasuwa ya bi shi. A watan Yuni na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A watan Yuli na 2024 ɗin aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, sabon malamin firamare kuwa bai yi wa wannan mataki nisa ba. Wanda zai ci sau uku a waje da irin wannan albashi, sai dai ya daina biyan haya.

Da na fara neman mafita na ga yadda mutanen Turai da Amurka, da ma'aikatan manyan biranenmu, su ke yi. Ran Lahadi su kan dafa abincin mako gaba ɗaya, su rarraba cikin 'yan robobi masu murfi, su jera a firij, kullum a ɗauki ɗaya a ɗumama. Su ma ɗin, abin da zai wuce kwana uku ko huɗu sai sun ƙanƙarar da shi. Dabara ce mai kyau ga wanda wutarsa ba ta ƙiftawa. Mu kuwa a kan yi kwana biyu uku ba mu ga wuta ba, firij ba wuta kuwa akwati ne kurum, har gara akwatin, don shi ba ya ruɗin mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye haka nan cikin ɗaki. Ko dai ya zauna da sanyi ƙasa da digiri 5, ko da zafi sama da digiri 60. Tsakanin biyun nan ne ƙwayoyin cuta su ke hayayyafa, ɗakina kuwa a watan Maris yana tsakiyar wurin daidai. Sabo da haka wanda ya dafa shinkafa da miya ran Lahadi a ƙauyenmu ya ce zai ci ran Laraba, malamin asibiti ya ke nema wa aiki.

Inna ce ta warware mini da na je gida hutun farko. Na ba ta labarin robobin Turawa, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya gaya maka dahuwa ce wahalar girki? Tukunya ai ita ke dafa kanta. Wahala tana wajen surfe, da daka, da tankaɗe, da tsintar tsakuwa, da zuwa inji. In ka gama waɗannan rana guda, sauran kwanakin ruwa kawai za ka tafasa." Sa'an nan ta shiga ɗaki ta yi ta fito mini da kayanta, ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga daddawa, ga kauɗar tumatur, ga yaji da ƙuli-ƙuli. Ta ce babu ɗaya cikinsu da ya san firij. Da na yi tunani sai na ga haka ne. Fataken da su ke wata da watanni a hanyar Gwanja ai da guzuri su ke tafiya, kuma guzurin nan duk abin da aka raba da ruwa ne, ko da rana ko da wuta. Abin da ke da ruwa a jikinsa kwanansa ƙidayayye ne.

Daga nan na tsara makona bisa ƙa'ida guda, watau abin da ya fi saurin lalacewa shi a ke fara ci. Asabar da Lahadi da Litinin na ɗanyen kaya ne. Talata da Laraba na masu ɗan haƙuri, irin su doya da kabewa da kabeji. Alhamis da Juma'a na busasshe.

Kasuwarmu ran Juma'a ta ke ci, ran nan kuwa da wuri a ke tashi makaranta, sai abin ya zo mini daidai. Hatsi da wake da mai na kan sayi na wata guda ran da albashi ya shigo, tun kuɗin bai ji kiran wani ba. Abin da na ke saye ko wane mako shi ne tumatur kashi biyu, da tattasai da tarugu da albasa, da doya biyu, da ganye, da kifi banda, da ƙwai kaɗan, da abin marmarin da lokacinsa ya yi. Ƙasar nan tana da albarka. Doya da riɗi da rogo a bakin ƙofa su ke, lemo na shigowa daga Binuwai, mangwaro kuwa in ya nuna har awaki sai sun gaji da shi. Na kan rubuta abin da zan saya tun daga gida, don mai shiga kasuwa da yunwa ba takarda, ƙamshin tsire ne ke yi masa jagora.

In zan sayi wake sai na ɗebo na shinshina. Waken da ya ke tas, ba huda ko ɗaya, amma yana bugun hanci da warin fiya-fiya, ba na sayensa ko da rabin kuɗi. Gara mini mai 'yan ƙwari, in shanya shi su gudu. Ba tsoron banza ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya sabo da yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin wanda suka ƙi ɗin kuwa bai bar kasuwanninmu don sun ƙi shi ba. Gyaɗa ma na kan baza ta a faifai in tsince duk wadda ta yamushe, ko ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, in zubar, ba na ba ko kaji. Fumfunar gyaɗa da ta masara tana haifar da wani dafi mai cin hanta a hankali, wanda suya ba ta kashe shi. An gano shi ne bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sabo da an ciyar da su da tunkuzar gyaɗa da ta lalace.

Daren Juma'a, ina sauraron rediyo, sai in soya gero da waken suya da gyaɗa a kasko, ko wanne dabam, har su yi ƙamshi. Da sassafen Asabar in kai niƙa da markaɗe tun layi bai yi tsawo ba. Masara da 'yar dawa su ne garin tuwo. Wake da alabo da kuka su ne garin ɗanwake. Masu sayarwa su kan rinjayar da rogo don riba, ni kuwa wake kashi biyu na ke sawa, alabo ɗaya. Soyayyun can na daren jiya, da citta da kanumfari, su ne garin kunu, kuma shi ne ya raba ni da fita aji da wofin ciki. In dama shi da ruwan sanyi, in juye cikin tafasasshe, minti biyar ya isa, kuma ya kan riƙe ni har a fita tara. Hatsi da wake, ko hatsi da gyaɗa, abin da ɗaya ya gaza na gina jiki ɗaya yana cikewa, shi ya sa haɗinsu ke tsaya wa wanda ba ya samun nama kullum. Waɗanda suka fara haɗa kunu da ƙosai, da shinkafa da wake, ba a littafin kimiyya suka gani ba.

Sa'an nan in hura gawayi a kurfoti, wuta guda in sa ta aiki uku. Tun tana da ƙarfi in ɗora markaɗen tumatur da tattasai da tarugu da albasa, ba ƙarin ruwa ko ɗigo, ya yi ta tafasa har ya tsotse ya koma kamar kashi ɗaya cikin uku. Wannan shi ke cin lokaci, kuma nan ne masu gaggawa ke faɗuwa, domin ruwan da aka bari shi zai sa miya ta yi tsami gobe. In ya tsotse sai in zuba mai in soya, ina juyawa, har man ya taso sama ya rufe, warin ɗanyen tumatur ya fita. Ita na ke kira uwar miya. Ba na sa mata nama, ba na sa kifi. Daga cikinta a ke ɗiban cokali biyu uku a yi dafa-duka, ko faten doya, ko miyar alayyafo, ko a ci da shinkafa haka nan. Safe da dare na kan mayar da ita wuta ta tafasa sosai, cokalin ɗiba kuwa busasshe ne mai tsabta wanda bai shiga baki ba. Duk da haka ba ta wuce daren Litinin. Malamin asibitinmu ya ce mini, "Malam, ɗumamawa tana rage haɗari ne, ba ta kawar da shi. Kuma kada ka jira sai hancinka ya gaya maka, don akwai abin da ke kwantar da mutum ba ya wari." Sabo da haka 'yar daidai na ke yi, in na ga za ta yi saura in miƙa wa maƙwabta tun ran Lahadi.

Tana kan wuta ni kuma ina zaune da faifai ina tsintar tsakuwar shinkafa da wake, ina aunawa da gwangwanin madara, ina ƙulla na ko wace rana dabam. In wutar ta yi laushi sai in soya riɗi da gyaɗar miya in daka. Da ta zama garwashi sai kifi. In wanke shi da ruwan zafi, in cire ƙaya, in baza a kan raga ya bushe ƙarau, in zuba a kwalba. Nama, in an samu, tsakanin Asabar da Lahadi a ke cinye shi. Kafin rana ta take tsaka na gama, na wanke turmi na kife.

Shinkafa ce ba na dafawa in ajiye ko kusa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a jikin ɗanyar shinkafa wadda tafasa ba ta kashe irinta. In shinkafar ta huce ta daɗe a ajiye sai ta farka ta zuba dafi, dafin kuwa ko an sake ɗumamawa yana nan. Ga shi tsintacciyar shinkafa minti ashirin da biyar ta ke bukata, to, me ya yi zafi? Tuwo kam na kan bar malmala guda ta kwana lokacin hunturu, domin ni dai ban ga abin karyawa da ya kai ɗumame da miyar kuka ba, ko a gidan Gwamna. Amma sai na yanyanka shi ƙanana ya tafasa cikin miya har tsakiyarsa, da zafi ya shigo kuwa na kan haƙura.

Ganye ne ya fi ba da wuya, shi ne kuma malamai gwagware suka fi watsarwa. Hukumar nan ta lafiya tana so babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum, ban da doya da rogo da dankali. Alayyafo da ugu kwana biyu ne iyakarsu. Zogale kuwa yana bayan kusan ko wane gida, da damina sai dai a tsinko. Da rani na kan zage shi in shanya a inuwa, don rana tana cinye korensa da amfaninsa, ran Alhamis in dafa in kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa. Sauran, irin su gauta da karas da kabeji da tumatirin da zan ci ɗanye, suna cikin randa. Wannan dabara wani malami ne ɗan'uwanmu ya yaɗa ta, marigayi Muhammad Bah Abba, wanda ya koyar a Dutse ta Jihar Jigawa. Ƙaramar tukunyar ƙasa a ke sawa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye inda iska ke bugawa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa, yana tafiya da zafin da ke ciki. A gwajin da ya yi, gautar da kan lalace cikin kwana uku ta kai kwana 27, kuma a kan wannan aiki aka ba shi kyautar Rolex a 2000. Sai dai a nan Nasarawa da rani ta ke aiki sosai. Da damina iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta ɗaukar na randa, sai sanyin ya ragu ƙwarai. Kuma ko da rani sanyinta bai kai na ajiye nama ko dafaffen abinci ba.

Wani abu da malamin asibitin ya ƙara mini, ya ce in na ci wake ko ganye in bi shi da lemo ko gwaba, don suna taimakon jiki ya ja sinadarin ƙarin jini da ke ciki, shayi kuwa hana shi ya ke yi, sai a ba shi tazara. Ya kuma ja kunnena a kan gishiri. Abin da a ke so babba ya ci a yini kada ya kai giram 5, watau ƙasa da cokalin shayi guda, dunƙulen ɗanɗano kuwa wajen rabinsa gishiri ne. Mai jefa uku huɗu a tukunyar mutum ɗaya hawan jini ya ke tara wa kansa. Ni rabi na ke sawa, daddawa da garin kifi su ƙarasa. Gishirin kuwa na leda ne mai aidin, wanda aka wajabta a ƙasar nan tun 1993 don maganin maƙoƙo.

Duk garin nan da ƙulle-ƙullen nan suna cikin bokitai masu murfi, a kan benci, ba a ƙasa ba. Ɓera ba ɓarawo ba ne kawai. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lasa da ke Jihar Borno ta yanzu, ta fitsarin ɓera da kashinsa a cikin abinci ya fi kama mutane, kuma da rani ya fi tashi. Wani zai ce, tun da akwai bokiti, me zai hana a niƙa na wata guda a huta? Ya zo ya ga Agusta a nan tukuna. Gari ya kan dunƙule ya yi fumfuna cikin 'yan kwanaki, mai gyaɗa a ciki kuwa ya yi ɗaci. Na mako shi ne iyakar abin da na yarda da shi.

To, ga yadda cin ya ke tafiya. Ko wace safiya kunu ne, in tafi makaranta da dafaffen ƙwai ko ayaba ko gyaɗa a jaka. Litinin in na komo shinkafa da wake da ƙarshen uwar miya. Talata faten doya da manja da kifi. Laraba ɗanwake, wanda kafin in cire takalmi in watsa ruwa ruwansa ya tafasa, in yanka masa kabeji da tumatur. Alhamis tuwo da miyar riɗi ko ta gyaɗa da zogale. Juma'a, tun da kome ya ƙare, kuka da daddawa da garin kifi su ke rufa mini asiri. Da dare abu mara nauyi, kwaɗo ko kunu, ko awara daga maƙwabta. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya kan ci mini fiye da rabin sa'a, kuma kafin la'asar na zauna ga littattafan yara.

Ba'a kam na sha ta. Ranar farko da dattawan unguwa suka ji ƙarar taɓarya daga ɗakin gwauro, wani ya leƙo ya ce, "Malam, ai ka yi aure ka huta." Na ce, "To, Baba, a taya mu da addu'a." Amma a raina na ce wa zai huta? Rabin malaman makarantarmu mata ne, awoyin da na ke yi a aji su ma su ke yi, sa'an nan su koma su ciyar da mutum shida bakwai. Ɗaya daga cikinsu, wadda ta girme ni a aiki da shekara goma sha, ita ta koya mini ƙulla awon ko wace rana dabam. Ta ce, "Malam, ni na daɗe ina yi, ban dai san abin rubutawa a mujalla ba ne." Ta ce abin da ya fi mata amfani shi ne, ran da taron malamai ya riƙe ta, babban ɗanta ya san ƙullin da zai kwance ba sai ya tambayi kowa ba. Na lura ɗanta ta ce, alhali tana da 'ya'ya mata.

Abu guda ne tsarin Turawan can bai yi wa wuri ba, shi ne baƙo. Robobinsu bakwai ne, na mutum ɗaya. Mu kuwa ba yadda za a yi mutum ya yi sallama kana cin abinci ka rufe kwano, kuma da aka gane ɗakin Malam ba ya rasa abin taɓawa sai sallama ta yawaita, musamman wajen ashirin ga wata. Abokin aikin nan nawa mai lissafi yana cikinsu. Ban hana shi ba, sai dai na ce ran Asabar ya zo ya kama mini taɓarya, ya kawo mudun wakensa. Yanzu wata na biyu ke nan tare mu ke kai niƙa, shi ke daka yaji, ya fi ni ƙarfi. Ni kuma tun tuni awon kwana takwas na ke yi maimakon bakwai, ƙulli na takwas in rataye shi dabam a ƙusa. Na makon jiya wani ɗalibin kwalejin nan ne ya ci shi, wanda aka turo mana koyarwar gwaji, ya iso da yamma mota ta lalace masa a hanya.